Ruwan da Ya Zo Daga Wajen Edom

Karatu: 2 Sarakuna 3:4-27

    In kana da Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ɗauko shi ka buɗe littafin Sarakuna na biyu, sura 3. In ba ya hannunka, zan ba ka labarin a taƙaice, amma ka karanta da kanka in ka sami sarari.

Bayan mutuwar Ahab, Mesha sarkin Mowab ya ƙi biyan gandun da ya saba kai wa Isra'ila. Gandun kuwa ba na wasa ba ne, 'yan raguna 100,000 ne da ulun raguna 100,000. Sai Yehoram ɗan Ahab ya yi shirin yaƙi, ya aika wa Yehoshafat sarkin Yahuza ya zo ya taya shi. Suka zaɓi hanyar kudu, su kewaye Tekun Gishiri ta jejin Edom, su ɓullo wa Mowab ta baya. Sarkin Edom ya bi su, suka zama sarakuna uku. A bakin masu ba da shawara dabara ce mai kyau. Amma da suka yi kwana 7 suna tafiya sai ruwa ya ƙare, babu na mayaƙa, babu na dabbobi. Yehoram ya karai nan take, ya ɗora wa Ubangiji laifi, wai ya tara su ne domin ya bashe su ga Mowab. Yehoshafat ne ya tambaya ko akwai annabin Ubangiji a sansanin. Wani bara ya ce akwai Elisha ɗan Shafat, wanda ya yi wa Iliya hidima. Sarakuna uku suka tashi da ƙafarsu suka tafi wurinsa.

Elisha bai ɓoye wa Yehoram kome ba. Ya faɗa masa cewa ba domin darajar Yehoshafat ba, da ko kallonsa ba zai yi ba. Ya sa aka kawo mai kiɗan garaya, ikon Ubangiji ya sauko masa, sa'an nan ya ba da saƙo: busasshen rafin nan zai cika da ramummukan ruwa. Ba za su ga iska ba, ba za su ga hadari ba, duk da haka za su sha, dabbobinsu kuma su sha. Da gari ya waye, daidai lokacin hadayar safe, sai ga ruwa yana malalowa daga wajen Edom har ya cika ƙasar.

Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita domin wurin nan ita ce nahal, wato irin rafin da yake bushe ƙayau da rani, sai an yi ruwa ya kawo. Mu ma mun san irinsa a ƙauyukanmu. Na karanta surar nan a makarantar tauhidi, na yi wa'azi a kanta, amma a watan Agusta na shekarar 2019 ne Allah ya ba ni zarafin ganin irin ƙasar da abin nan ke faruwa kowace shekara a gaban idon mutane. Gani ya kori ji. Bari in ba ku labarin tafiyar, sa'an nan mu koma wurin sarakunan nan uku.

Na je Amurka taron ikkilisiya. Da aka tashi daga taron, wani ɗanmu da ya girma a ikkilisiyarmu, wanda ke aikin jinya a birnin Las Vegas, ya ce ba zan koma gida ban ga jejinsu ba. Ya ɗauki hutu, ya ɗauko mota haya, ya cika bayanta da galan-galan na ruwa. Na ce, "Ɗana, wannan ruwa duka, shago za mu buɗe?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ku dai bari mu fita gari, za ku gani."

Shi kansa garin abin mamaki ne. An san shi da caca a duniya duka, ba kuwa wurin da fasto zai yi alfaharin zuwa ba ne, amma ba wannan ne batunmu ba. A tsakiyar hamada yake. Ruwan saman da yake samu a shekara bai fi milimita 100 da 'yan kai ba, abin da Kano kan samu ninkinsa a watan Agusta kaɗai. Amma mutum fiye da miliyan 2 ke zaune a garin da kewayensa, suna sha, suna wanka. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansu daga Kogin Kolorado yake zuwa. Kogin kuwa daga dusar ƙanƙarar da ke zuba a kan manyan duwatsun Roki yake tasowa, can nesa, ɗaruruwan kilomita daga wurin. Tsawonsa ya kai kilomita 2,330, mutum wajen miliyan 40 ke dogara da shi a jihohi 7 na Amurka da arewacin Meksiko. Yawancinsu ba su taɓa ganin inda ƙanƙarar take sauka ba.

Ba mu yi sa'a guda a hanya ba muka iso madatsar ruwa ta Hoover, wadda aka gama gininta a 1936, tsayinta mita 221. A bayanta akwai tafkin Mead. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne wani farin zane da ya kewaye duwatsun bakin tafkin, kamar alamar da kunu ke bari a jikin ƙwarya. Ɗan namu ya ce nan ne ruwa ya taɓa kaiwa. Bayan mun dawo gida ma abin ya ci gaba, har a watan Yuli na 2022 tafkin ya ragu zuwa wajen kashi 27 cikin 100 na cikarsa. Ƙasa mai injiniyoyi da kuɗi ta iya tsare kogi da siminti, amma ba ta da hanyar sa ƙanƙara ta sauka a kan dutse.

Daga nan muka miƙa gabas cikin jihar Arizona, wajen sa'a 4 muna gudu a kan kwalta. Fili ne fetal, ƙananan ƙayoyi, jar ƙasa, sai jirgin ƙasa mai ɗaukar kaya da ba ka ganin ƙarshensa. A hankali hanya ta yi ta hawa har muka shiga kurmin dogayen itatuwa, iska ta yi sanyi. Ba abin da ke nuna maka akwai wani abu a gaba. Muka ajiye mota, muka taka 'yar tafiya kaɗan, sai kawai ƙasa ta ƙare a gabanmu.

Wannan shi ne Grand Canyon, wato Babban Kwazazzabo. Tsawonsa kilomita 446, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja. Faɗinsa a wani wuri ya kai kilomita 29, zurfinsa ya wuce kilomita ɗaya da rabi. Tun 1919 gwamnatinsu ta keɓe shi ya zama gandun ƙasa, ba noma, ba farauta, akwai ma'aikata masu tsaronsa, kamar yadda aka keɓe Yankari a wurinmu. Duwatsun a jere suke hawa-hawa, ja, fari, ruwan toka, kamar an jera tabarmi. Masana duwatsu suna lissafin shekarunsa da miliyoyi, masu bi kuma sun daɗe suna muhawara a kan wannan lissafi. Ba zan buɗe muhawarar a 'yan mintocin nan ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ruwa ne ya sare shi. Na lura mutanen da suka zo suna surutu da dariya, da sun iso baki sai kowa ya rage murya, kamar an shiga majami'a.

Turawan da suka fara ganin wurin sojojin Sifen ne, a shekarar 1540, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Kardenas. Mutanen Hopi, 'yan asalin ƙasar, su ne suka yi musu ja-gora. Da sojojin suka leƙa daga sama sai suka ƙiyasta kogin bai fi faɗin gaba guda ba, ko da yake 'yan ƙasa sun gaya musu babban kogi ne. Mutum uku suka gwada sauka, suka kai wajen sulusin hanya suka komo, suna cewa duwatsun da ake gani daga sama kamar tsayin mutum sun fi hasumiyar wani babban coci na ƙasarsu tsawo. A ƙarshe ƙishirwa ta kore su, ga kogi kuwa suna kallo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wuri ko kimar bai sani ba.

A bakin kudu inda muka tsaya, dutsen kamar rariya yake, ruwan sama da ya sauka sai ya nutse. Na cika gorata a famfo, na tambayi wata ma'aikaciyar gandun daga ina ruwan yake. Ta nuna mini ƙetaren kwazazzabon da yatsa. A lokacin ruwan daga wani marmaro yake zuwa, mai suna Roaring Springs, a ƙarƙashin bakin arewa, ta bututun da aka shimfiɗa tun shekarun 1960, mai tsawon wajen kilomita 20. Bututun ya gangara har ƙasa, ya haye kogi, aka tura ruwan ya hau wannan gefe. Marmaron kuma ƙanƙarar da ta narke a tudun arewa ce ke ciyar da shi.

Washegari da safe muka bi hanyar gabas har wani wuri da ake hango kogin sosai. Sama garau, ko ƙyallen gajimare babu. Amma kogin ja ne kamar kunun kanwa da aka dama da jar dawa. Sunan Kolorado ma da harshen Sifen ma'anarsa mai jan launi. Tun da aka tsare kogin da wata madatsa a sama a 1963, yawancin lokaci ruwansa kore ne, gama laka tana kwantawa a cikin tafki. Sai in an yi ruwa a wani wuri mai nisa, ƙananan rafuffuka sun kawo, sa'an nan ya koma ja. Na tsaya ina kallo, sai aya 22 ta faɗo mini, inda Mowabawa suka tashi da sassafe, rana ta haska ruwan, suka gan shi ja kamar jini. Edom ma ƙasar jan dutse ce, sunanta kuma daga kalmar ja yake.

Muka yi arewa zuwa wani ƙaramin gari mai suna Page, a gefen ƙasar mutanen Nabaho. Nan ne na ga ɗaya fuskar al'amarin. Akwai wani tsagin dutse da ake kira Antelope Canyon. Daga sama ba ka ganin kome sai 'yar tsaga a ƙasa. In ka sauka ta tsani sai ka tarar da kanka cikin lungu mai zurfi, a wani wuri kafaɗunka biyu suna taɓa bango. Bangon a murɗe yake, sumul, kamar maginin tukwane ne ya shafe shi, haske yana saukowa ja da ruwan lemo. Da ka ɗaga kai, abin da kake gani na sararin sama bai fi faɗin ɗankwali ba. Ba a shiga sai da ja-gora Banabahe. Namu ya nuna mana wani guntun itace da ya maƙale can sama da kawunanmu, ya ce ruwa ne ya ajiye shi.

Ran 12 ga Agusta 1997 'yan yawon buɗe ido suka shiga wannan lungu. A wurin, ruwan da ya sauka ran nan bai taka kara ya karya ba. Amma an yi malka a kan tudu, fiye da kilomita 10 daga nan. Ƙasar dutse ce, ba ta shan ruwa, duk abin da ya sauka ya taru ya nufi wannan tsaga guda. Ruwa ya shigo da laka da duwatsu da itatuwa. Mutum 11 suka mutu, 7 daga cikinsu Faransawa. Mutum ɗaya ne ya tsira a cikin waɗanda ruwan ya kwasa, shi ne wanda ya kawo wasu daga cikinsu. Bayan wannan ne aka kafa tsanin ƙarfe a jikin dutsen, aka sa jiniya a bakin shiga, aka kuma riƙa sauraron rahoton yanayi. In aka ce a fita, ko ka biya kuɗi, ko daga wace ƙasa ka zo, fita za ka yi.

Zangonmu na ƙarshe a jihar Yuta ne, gandun da ake kira Zion, wato Sihiyona. Wani manomi daga cikin 'yan ɗariƙar Momon da suka zauna a kwarin a shekarun 1860 ne ya sa masa wannan suna. A 1916 kuma wani limamin Metodis mai suna Frederick Fisher ya raɗa wa manyan duwatsun sunaye, har akwai uku a jere da ake kira Ibrahim, Ishaku da Yakubu. Na yi murmushi da na ji, na ce ashe fastoci sun riga ni zuwa. A ƙarshen kwarin bangon dutse biyu suna matsowa kusa, tsayinsu wajen mita 300, tsakaninsu a wani wuri bai kai mita 10 ba, kogi ne kaɗai hanya. A kan hanyar zuwa can mun ga ruwa yana tsattsafowa daga jikin busasshen dutse, ganyaye kore shar suna rataye a bango. Ruwan sama ne da ya nutse a bisa tudu tun da daɗewa, ya yi ta ratsa dutsen a hankali har ya ci karo da wani dutse mai tauri, ya ɓullo ta gefe.

Kowace safiya ma'aikata suna kafa sanarwar yiwuwar ambaliya. Abin da suke koya wa baƙi kaɗan ne. In ka ga ruwa ya fara gurɓata, ko ganyaye da itace suna biyo shi, ko ka ji ruri daga sama, to, ka hau tudu nan da nan. Kada ka tsaya ɗaukar jaka, kada ka ce za ka tsere wa ruwan da gudu, gama ba a tsere masa. Ran 14 ga Satumba 2015 mutum 7 suka mutu a wani lungu cikin gandun nan, a rana guda kuma ruwa ya kwashe motoci biyu a garin Hildale da ke kusa, mata da yara 13 suka rasa rayukansu. Ran da muka je sanarwar ta nuna akwai yiwuwar ambaliya, ko da yake rana tana ƙwallewa. Ɗan namu ya ce, "Baba, iyakarmu bakin ruwa yau." Muka zauna a kan dutse, muka ci burodi, muna kallon wasu suna wuce allon sanarwar ko duba shi ba su yi ba.

To, mu koma wurin sarakunanmu. Yehoram ya ɗaga kai ya ga ba hadari, ya ce mun mutu. Mowabawa suka ɗaga kai suka ga ba a yi ruwa ba, suka ce abin da ke ƙyalli can ba zai zama ruwa ba, jini ne, sarakunan sun karkashe juna, a tafi ganima. Suka ruga cikin sansanin mayaƙan da suka sha suka ƙoshi. Ɗaya ya fid da zuciya, ɗaya ya cika baki, amma ma'auninsu ɗaya ne, wato ɗan sararin da ke bisa kansu. Mai sauraro, ni da kai ma a cikin lungu muke tafiya. Abin da muke gani na aikin Allah bai fi ɗankwalin nan ba.

Na san akwai wanda ke saurarona yau cikin kwana na bakwai. 'Yar'uwata gwauruwa, wadda dangin miji suka karɓe gona. Ɗan'uwana da 'yan bindiga suka kore ku daga ƙauye, kuna kwana a ajin makaranta, damina tana wucewa ba ka yi shuka ba. Dattijon da ya yi wa gwamnati aiki shekara 35 yana bin layin fansho. Saurayin da takardunsa suka tsufa a cikin jaka. Ba zan gaya maka ruwa zai zo gobe da safe ba, gama ni ba Elisha ba ne, ba a kuwa ba ni wannan saƙo ba. Ka kuma yi hankali da masu sayar da ruwan mu'ujiza a kwalba, masu yanka maka rana da farashi. Elishan nan, a sura 5, ya ƙi karɓar ko anini daga hannun Na'aman. Abin da zan iya gaya maka da tabbaci shi ne rashin hadari a kanka bai isa shaida cewa Allah ya bar aiki ba. Sa'ad da Yehoram yake kuka, wataƙila a daren nan ne ake tsawa a kan duwatsun Edom, inda kunnensa bai kai ba.

Akwai labarin da ake bayarwa a Babban Kwazazzabon. A shekarar 1869 wani tsohon soja mai hannu ɗaya, John Wesley Powell, ɗan mai wa'azin Metodis, ya kama tafiya ta ruwa da mutum 9 da kwale-kwale 4, domin su bi kogin ta cikin kwazazzabon. Wata uku suna fama, garinsu ya yi fumfuna, abinci ya kusa ƙarewa. Ran 28 ga Agusta suka iso wani mugun gurbin ruwa, mutum uku suka ce sun gaji, za su hau dutse su nemi hanya da ƙafa. Ba a sake ganinsu ba. Sauran suka ratsa wurin lafiya, bayan kwana 2 suka tarar da mutane suna kamun kifi a bakin kogi. Ban ga laifin mutanen nan uku ba, yunwa da tsoro ba abin raini ba ne. Amma ina tuna su duk sa'ad da wani ya zo ofishina ya ce, "Fasto, na gaji, zan koma wurin boka," ko mace ta ce za ta bar sujada tun da addu'a ba ta yi mata kome ba.

Sai batun ramummuka. Masu fassara sun rabu biyu a aya 16. Wasu sun ɗauka umarni ne a haƙa ramuka a cikin rafin, wasu kuma sun ɗauka alkawari ne cewa Ubangiji zai mai da rafin kududdufai. Ko wanne ka bi, wanda ya ga ambaliyar hamada ya san amfanin rami. Ruwan yakan zo da ƙarfi, cikin 'yan sa'o'i ya wuce, da yamma rafi ya koma yashi. Abin da ya saura shi ne abin da rami ya riƙe. Manoman yankin Tawa a Nijar sun san wannan. Tun da rani, rana tana dukansu, suke haƙa tassa a ƙasar da ta ƙeƙashe, su zuba taki, domin ɗan ruwan da zai sauka ya tsaya a gindin hatsi. Wanda ya bari sai ya ga hadari kafin ya ɗauki magirbi, ruwa zai bi ta gonarsa ya wuce.

Haƙa rami da ƙishirwa aiki ne mai ɗaci. Sujadar safe ta iyali, alhali tukunya ba kome, haƙa ce. Saurayin da ya ajiye girman kai ya koyi walda ko ɗinki yana jiran aikin ofis, haƙa yake yi. Uwar da ke koya wa yara ayoyi a sansanin gudun hijira, da 'yan'uwa biyu da suka sasanta rikicin iyakar gona tun ba a koma ƙauye ba, da zumuntar mata da ke tara mudu-mudu domin gwauraye, duk haƙa suke yi. Ku lura kuma da agogon da marubucin ya yi amfani da shi. Bai ce da hantsi ko da fitowar rana ba, ya ce lokacin hadayar safe. Can a Urushalima wani firist da ba a ambaci sunansa ba yana miƙa ɗan ragon da Shari'a ta umarta a miƙa kowace safiya, bai san abin da ke faruwa a jejin Edom ba, aikinsa na kullum yake yi. A wannan sa'a ce ruwa ya iso.

Yanzu kuma ina da magana da wani mai sauraro dabam, wanda sama take garau a kansa. Kai ma'ajin da ka shekara uku kana taɓa kuɗin baiko, littafi kuma yana daidaita a gaban dattawa. Kai mai gida da kake da wata a wani gari, matarka ba ta sani ba, ran Lahadi kana gaba a ƙungiyar mawaƙa. Ke mai mudu biyu a kasuwa. Mu fastoci ma ban cire mu ba. Ka duba sama ka ce, ai ba abin da ya faru, har ƙaruwa nake yi. Mai-Wa'azi sura 8 ya riga ya lura cewa jinkirin hukunci yakan ƙara wa mutum ƙarfin hali cikin mugunta. Bulus kuma a Romawa sura 2 ya bayyana cewa haƙurin Allah zarafin tuba ne aka ba ka. Lungun nan na Antelope ya fi kyau a ranar da babu hadari, shi ya sa mutane ke shiga. Wa'azin da ya dame ka, da matarka da ta fara tambaya, da barcin da ya ƙi zuwa, su ne ganyayen da suka fara biyo ruwa. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Ka hau tudu yau, ka bar jakar. Tudun kuwa Yesu Almasihu ne, wanda ya mutu domin zunubanmu ya tashi, ba ya kuwa korar mai zuwa wurinsa. Ka tafi wurin fastonka ko wani dattijo amintacce a makon nan, ka buɗe baki, abin da za a mayar a mayar.

Surar ba ta ƙare da daɗi ba, ba zan kuwa ɓoye muku ba. Da yaƙi ya tsananta, Mesha ya ɗauki ɗan farinsa ya miƙa shi hadaya a kan garu, Isra'ilawa suka janye suka koma gida. A shekarar 1868 aka gano wani dutse a Dibon, cikin ƙasar Jodan ta yau, wanda Meshan nan ya sa aka rubuta, yana taƙamar ya kuɓutar da Mowab daga hannun gidan Omri. Dutsen yana gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. Yehoram kuwa ya sha ruwan nan kamar kowa, albarkacin Yehoshafat ya sha shi. Ya koma Samariya ya ci gaba da bin hanyar Yerobowam. A sura 9 za ka tarar da kibiyar Yehu ta same shi a cikin karusarsa, aka jefar da gawarsa a gonar Nabot, gonar da iyayensa suka ƙwace.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, muna kawo maka gwauraye da marayu, da 'yan'uwanmu da aka kora daga gidajensu, da manoman da ke duban gabas. Muna kawo maka direbobi da matafiya, da waɗanda ke zaune a bakin rafi a wannan damina. Ka ba mai gajiya ƙarfin kwana ɗaya kuma. Wanda ya ƙudura zai je ya buɗe baki a makon nan, kada ka bar ƙafarsa ta yi nauyi. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu shiga sura 4, labarin gwauruwar da masu bin bashi suka zo ɗaukar 'ya'yanta biyu. Ku karanta aya 1 zuwa 7 kafin lokacin. Ku huta lafiya.